Inda Fitilar Na'Allah Ta Mutu

Duk wanda ya sha ruwan rijiya a ƙasar Kazaure zamanin Turawa, tun daga cikin gari har Kanya Babba, da wuya in bai sha gumin Na'Allah ba. Yasar rijiya gadonsa ce. Ubansa mai yasa ne, kakansa ma haka, shi kuwa tun bai iya wanke wa kansa hannu ba ake ɗaura masa igiya a ƙugu, a zura shi ya ɗauko gugan da ya tsinke. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son yawan magana, in yana tafiya kullum kansa a sunkuye kamar wanda ya yar da allura.

Sai dai a shekarun da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama, Na'Allah ya yi shekara goma sha tara rabonsa da shiga rijiya. A baki yake tsayawa. Shi ke duba igiya, shi ke cewa a shiga ko kada a shiga, wasu ke sauka. In an tambaye shi dalili sai ya ce ciwon gwiwa ne. Gwiwar nan kuwa ita ke kai shi kasuwar Babura a ƙasa ta dawo da shi, ba ko ɗingishi. Matarsa Baraka ta san ba gwiwa ba ce, amma ba ta taɓa tanka masa ba. Tsoro ne kawai, shi ma ya san tsoro ne.

Abin da ya sa ba a yasa sai da shi, fitilarsa ce. Ɗan kaskon aci-balbal ne, da man gyaɗa da lagwanin auduga, a zaune cikin ƙoƙon da aka huda aka ɗaura wa siririyar igiya. Kafin kowa ya sauka sai ya kunna, ya durƙusa a bakin rijiya ya ce, "Salamu alaikum, masu wuri," sannan ya riƙa zura ta a hankali yana ƙirga gaba, wato tsawon buɗin hannu biyu. In ta kai ƙasa tana ci, a shiga. In ta mutu a hanya, sai ya ƙulla igiyar daidai wurin, ya ce masu wurin ba su ba da izini ba. Daga nan sai a saro manyan rassa masu ganye, a ɗaura a igiya, a yi ta zurawa ana jawowa, yini ɗaya ko biyu, har ranar da fitila za ta yarda ta sauka. Haka ubansa ya koya masa, har da kalmomin. Ko aljanu ne a ciki ko wani abu dabam, Na'Allah bai taɓa tsayawa bincike ba. Abin da ya sani shi ne, inda wuta ta mutu, mutum ma ba ya rai.

Ya sani ne kuwa don sau ɗaya ya taɓa tsallake zura fitilar. Wata bazara suka tafi yasa wani ƙauye wajen Gwiwa, shi da ƙanensa Hamma. A hanya man ya zube. Hamma ya ce a shiga gidaje a roƙo, Na'Allah ya dubi hadarin da ke haɗuwa a gabas ya ce ai bara ma su suka yashe rijiyar, ya sauka kawai su gama su tafi. Hamma ya sauka. Ya kwance igiya daga ƙugunsa don a turo masa kwando, yana ta surutu daga ƙasa, yana tsokanar yayansa, sai maganar ta yanke a tsakiya. Mutanen ƙauyen suka ɗaura wa Na'Allah igiya, ya zura ƙafa ɗaya, ɗayar ta ƙi biyowa. Haka ya zauna a kan itacen bakin rijiyar har aka kira azahar. Da ƙugiya aka fito da Hamma.

Kowa ya yi masa uzuri, aka ce ai ko ya shiga gawa biyu za a fitar. Da ya isa gida mahaifiyarsu tambaya ɗaya ta yi masa: "Kun zura fitila?" Ya ce, "Mun zura, Inna." Ta ce to kwana ne ya ƙare. Har ta koma ga Allah a kan haka ta sani, kuma bai taɓa gyara wa kowa maganar ba.

To, a cikin garin Kazaure, can bayan marina, akwai wata unguwa ta talakawa tilis: masu ga-ruwa, da masu faskare, da tsofaffin da ba mai kula da su. Rijiyarsu ta daɗe da cikewa da laka da shara, sai ruwan kududdufi suke sha. Shekarar nan kurkunu ya kwantar da rabin unguwar, ka shiga gida ka tarar da mutum uku kowa da ɗan tsinke a ƙafa yana naɗe tsutsa. Ana haka sai labari ya zo cewa wata makarantar mishan da ke bayan duwatsu za ta turo samarinta su taimaka. An ba su kwana biyar, da sharaɗin ba wa'azi, kuma su riƙa kwana a bayan gari.

Su goma sha biyu suka zo, da gajerun wanduna, suna tafe a jere suna waƙa. Yawancinsu 'ya'yan Maguzawan karkara ne da suka shiga addinin Kirista, Hausa a bakinsu kamar ta kowa. Shugabansu Malam Istifanus ne, dogo, mai ladabi, da ƙyar in ya wuce shekara ashirin da biyar. Ranar farko mata suka kwashe 'ya'yansu suka rufe ƙofa. Amma fa a faɗi gaskiya, yaran sun yi aiki. Sun kwashe jujin da ya toshe lungu, sun gyara wa wata makauniya dangarta, suna durƙusawa su wanke ƙafar mai kurkunu da ruwan zafi ba tare da sun yamutsa fuska ba. Kafin rana ta uku har tsofaffi sun fara aika musu da fura.

Mai unguwa Sama'ilu ne ya aika aka kira Na'Allah, ya ce ranar Laraba za a taɓa rijiya, ya zo ya tsaya a kai. Da hantsi ya iso da ƙoƙonsa. Tun daga nesa ya ji ƙauri, da ya leƙa ya ga bangon rijiyar ya yi baƙi da hayaƙi.

Ya ce, "Wa ya sa wuta a nan?"

Wani saurayi mai wushirya, Barnaba, wanda ya fi kowa zaƙewa a cikinsu, ya matso yana murmushi. "Mu ne, Baba. Jiya da yamma muka cinna wa karmami wuta muka jefa, dami huɗu. Jemagu sun fita sun fi ɗari. In da maciji ma ya gasu."

Na'Allah ya sauke ƙoƙonsa. Ya kunna fitila, ya durƙusa, ya yi sallamarsa, ya fara zurawa. Samarin suka kewaye shi suna kallo. Gaba biyar, wutar na rawa. Gaba bakwai, ta ƙanƙance. A gaba tara ta yi ja, ta mutu murus, alhali rijiyar gaba goma sha biyu ce. Ya ƙulla igiyar, ya miƙe.

"Ba mai shiga yau. Gobe ma ba mai shiga. Masu wurin ba su ba da izini ba."

Da ya san da wa yake magana, da ya sauya kalmomi. Malam Istifanus ɗan mai tsafi ne. Ya tashi yana ganin ana yanka baƙin bunsuru a gindin tsamiya kafin a sa garma a gona, kuma ranar da ya ce ya daina, ubansa ya kore shi daga gida da rigar da ke wuyansa. Duk yaran nan kowa na da irin labarinsa. Abin da suka gudo wa ke nan, ga shi wani tsoho ya shimfiɗa musu shi a bakin rijiya.

Malam Istifanus ya rusuna ya ce, "Baba, su wane ne masu wurin?"

"Waɗanda ke ciki."

"Baba, ka gafarce ni. Mu mun bar neman izinin iskoki. Mun bar shi da wuya, ba za mu koma ba. Kuma jibi wa'adinmu ke cika."

"Malam, wanda ya shiga nan yau ba zai fito da ƙafarsa ba."

"Haka Babana ya ce mini ranar da na ƙi cin naman tsafi. Ga ni."

Na'Allah bai iya gardama ba, bai taɓa iyawa ba. Da ya ce musu ƙanensa ya mutu a irin wannan, da wataƙila sun saurara, amma wannan ƙofa ce da ya shekara goma sha tara yana danne ta da bayansa. Sai ya ce su yi wa Allah su jira ya kira mai unguwa, ya juya da sauri. Baƙo makaho ne ko da idonsa, bakin rijiya kuwa ba wurin wasan makaho ba ne.

Ya samu Sama'ilu yana karyawa, ya tsaya a kansa har ya bar kokon. Suna dawowa, tun kafin su sha kwanar marina, Na'Allah ya ji waƙa. Samarin na amsawa daga sama, wata murya ɗaya na bayarwa daga can ƙasa, tana fitowa da amo irin na cikin tulu. Ya san amon nan. Ya yar da sandarsa ya sheƙa da gudu, mutumin da ke da ciwon gwiwa.

Yana isowa ya ji Barnaba daga ciki yana cewa, "Na iso, na kwance, ku turo kwan..." Shi ke nan. Samarin suka ci gaba da amshi sau ɗaya, sau biyu, sannan suka yi shiru su ma.

Malam Istifanus ya leƙa ya kira, "Barnaba?" Ba amsa. Suka ja igiya, ta taho sakayau, ba kowa a jikinta.

Wurin ya rikice. Biyu daga cikin samarin suka fara kokawar ɗaura igiya kowa na cewa shi zai shiga, Malam Istifanus ya ture su ya fara ɗaura wa kansa. Mai unguwa Sama'ilu ya dafe kai yana salati, yana faɗin yau in ɗan mishan ya mutu a unguwarsa, har gaban Di'o, Baturen mulki, sai an kai shi. Mata suka fito daga gidaje. Na'Allah na tsaye. Ya ga Malam Istifanus ya yi ƙullin da ko akuya ba zai riƙe ba. Ya san in ya bar shi, gawa biyu za a fitar, in wani ya bi shi uku.

Ya ce, "Ba ni igiyar."

Ba jarumta ba ce, kada wani ya yi masa ƙarya. Yana ɗaurawa yana jin fitsari na neman ƙwace masa. Ya auna gaba takwas da hannuwansa, ya yage bakin rigarsa ya ƙulla tsumma a wurin, ya rataya igiya ta biyu a kafaɗa.

"Malam, ka saurare ni. In tsumman nan ya zo bakin itace, ku tsaya. In na girgiza, ku sake ni da sauri har ƙasa. In na sake girgizawa, ku kama igiyoyin duka biyu ku ruga da su can wajen marina. Kada wanda ya tsaya leƙe."

Ya zauna a kan itacen, ya zura ƙafa ɗaya. Ɗayar ta ƙi, daidai yadda ta ƙi a ƙauyen nan na Gwiwa. Ya dube ta, ya ga ba ta da niyya. Sai ya sa hannu biyu ya ɗaga ta kamar kayan wani, ya jefa ciki, ya ce bisimillah.

Sanyin rijiya ya rufe shi. Bango na wucewa ta gaban fuskarsa, baƙin hayaƙi na goge masa kafaɗu, hasken sama na ƙanƙancewa har ya koma kamar faifai. Ya so ya yi ihu a mayar da shi. Wallahi ya so, har ya buɗe baki. Igiya ta tsaya cak, ya gane tsumma ya iso. Gaba ɗaya a ƙarƙashin tafin ƙafarsa nan ne fitila ta mutu. Ya ja numfashi sau uku, iskar duk ƙauri, ya cika ƙirjinsa a na huɗu, ya danne, ya girgiza igiya.

Suka sake shi. Ya faɗa cikin laka da toka har gwiwa. Duhu ne, sai da hannu ya lalubo yaron, a kife, fuskarsa a jikin bango. Ya birkito shi, nauyi kamar buhun gero. Ya zagaya igiya ta ƙarƙashin hammatarsa, laka ta sa ta zame. Ya sake. Ƙirjinsa ya fara bugun neman iska, idanunsa na ganin wasu taurari, yatsunsa sun yi nauyi. Ya yi ƙullin farko, ya yi na biyu, irin wanda ubansu ya koya musu shi da Hamma a gindin ɗorawa. Ya rungume yaron, ya girgiza da duk ƙarfin da ya rage masa.

Aka fizge su. Bayansa ya daki bango, gwiwar hannunsa ta saɓule, bai saki ba. Bai san inda numfashin ya ƙwace masa ba, ya dai ji kansa yana zuƙar iska yana magana, yana magana da ƙarfi, bai san me yake cewa ba. Sai haske, sai hannuwa.

Aka shimfiɗe Barnaba a ƙasa, leɓɓansa sun yi toka-toka. Malam Istifanus ya durƙusa a kansa yana danna masa baya yana ɗaga masa hannuwa yadda aka koya musu a makaranta, yana kuka yana addu'a. Tsofaffin unguwa na gefe suna tasu. Aka daɗe. Na'Allah na kwance a gefe yana amai, kansa kamar zai tsage, bai yarda ya duba ba. Can sai ya ji tari, wani mummunan tari mai shaƙewa, ya kuma ji makauniyar nan na tambaya, "Ya tashi? Ku gaya mini, ya tashi?" Aka ce mata ya tashi.

Washegari Malam Istifanus ya zo ƙofar gidan Na'Allah, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna. Ya ce ya kwana yana tunani, iska ce ta lalace a ƙasan rijiyar, wutar da suka jefa ce ta cinye ta, har an taɓa karanta musu irin haka a makaranta, shi ne bai haɗa ba.

"Baba, sallamar ce dai ba zan iya yi ba."

Na'Allah ya ce, "Malam, sallama tawa ce, ka bar mini kayata. Kai dai ka zura fitilar."

Aka roƙa musu ƙarin kwana uku, aka ba su. Yini biyu samarin na zura rassa suna jawowa, hannuwansu duk sun yi kanta. A rana ta uku fitila ta sauka har ƙasa tana ci, Malam Istifanus ne ma ke riƙe da igiyarta. Aka yashe rijiyar, ruwa ya ɓuɓɓugo. Na'Allah a baki ya tsaya, kuma har ya bar duniya bai sake shiga wata rijiya ba. Abu ɗaya ne ya sauya, ya daina cewa gwiwa ce. In an tambaye shi sai ya ce tsoro yake ji.

Ranar da za su tafi, Barnaba ya zo sallama shi kaɗai, har yanzu muryarsa a dishe. Ya tarar da Na'Allah a zaure yana murza sabon lagwani, Baraka kuma ta kawo masa ruwa tana shirin komawa ciki. Yaron ya gaishe su, ya yi godiya, yana ta wasa da bakin wandonsa.

"Baba, in yi tambaya? 'Yan'uwana sun ce da ana jawo mu, tun daga ƙasa suke jin kana cewa, 'Na riƙe ka, Hamma, na riƙe ka.' Wane ne Hamma?"

Baraka ta tsaya a bakin ƙofa, ƙwaryar na hannunta. Na'Allah ya ajiye lagwanin da ke tsakanin yatsunsa.

Ya ce, "Ƙanena ne. Ni na ce ya sauka. Ban zura masa fitila ba."

Yaron bai gane ba, ya dai ce Allah ya ji ƙansa. Baraka ce ta gane, don tana tsakar gidan ranar da Inna ta yi tambayarta. Ta ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali, ta dawo ta zauna kusa da mijinta a kan tabarma, abin da ba ta taɓa yi a gaban baƙo ba.